Gonar Garar Malam Nata'ala

Ranar Talata, sha uku ga watan Agusta, 2024, Kutama ta wayi gari a jiƙe. An kwana ana ruwa da tsawa, da safe kuma ya koma yayyafi, irin wanda ba ya hana fita amma yake sa mutum ya nemi dalilin zama a ɗaki. Malam Nata'ala ne kaɗai bai nemi dalili ba. Ƙarfe bakwai ba ta cika ba ya fito tsakar gida da takalmin roba har gwiwa da buhu a kafaɗa, ya miƙa wayarsa gaba kamar mai haska hanya.

Matarsa Zinnira ta ɗago kai daga bakin murhu.

"Malam, ina zuwa haka? Su za ka?"

"Su na marasa ilimi ne. Laimar kwaɗi zan tsinto."

"Abin nan da ke fitowa a juji?"

"Abin nan da ake sawa a firji a Kano. Ke dai wanke babbar tukunya."

Asalin maganar kuwa, a makon da ya wuce ne Nata'ala ya je ɗaurin aure Kano, ya shiga wani katafaren kanti don ya sha sanyin na'ura. A nan ya ga laimar kwaɗi fara tas, an jera a 'yar roba an rufe da leda, farashinta ya fi na dakwalwar kaza. Ya tambayi mai kanti har sau uku ko kuskure aka yi wajen manna takarda. Da ya dawo gida sai ya tarar Alhaji Dalhatu, shugaban ƙungiyar manoman Kutama, yana sanar da cewa za a yi baje kolin amfanin gona a Kano, kuma an ba ƙungiyarsu gurbin mutum ɗaya tak. Nan da mako biyar za a zauna a zaɓi wanda ya zo da abin da ya fi burgewa. Wanda aka zaɓa har hira za a yi da shi a rediyo.

Kalmar rediyon nan ce ta ɗaga Nata'ala tsaye. Shekara ashirin yana ba mutanen Kutama shawara kyauta a gindin darbejiya, ba mai ɗauka. Ya ce a gaban kowa gurbin nan nasa ne, a daina wahalar da kai da dawa da waken suya, shi zai kawo abin da Turawa ke ci da cokali mai yatsu. Ya ƙara da cewa a gidansa za a yi zaman zaɓen, shi zai kafa rumfa.

To, ranar Talatar nan ya zagaye jujin gari kaf, ya bi turakun shanu, duk abin da ya ga ya yi hula sai ya kara shi da hoton cikin waya, ya gyaɗa kai, ya jefa a buhu. Kafin hantsi ya dawo da rabin buhu, wasu farare, wasu ruwan ƙasa, wasu kuma sun fara narkewa suna ɗigar da baƙin ruwa.

Zinnira ta leƙa, ta ja da baya. "Wallahi ba a tukunyata ba."

Ya watsa wa kaji. Kajin suka rugo, suka duba, suka juya.

"Ka gani ko, Malam? Kaza ma da ke cin kyankyaso."

"Kaza ta taɓa zuwa Kano?"

Ya zaɓi wata mai kyan gani, ya ɗan gatsa, ya tauna a gabanta yana lumshe ido don ta ji haushi, sannan ya faki idonta ya tofar. Kafin azahar leɓensa na ƙasa ya kumbura ya yi kamar an soya shi. A ƙofar masallaci ya haɗu da Tasi'u, taubashinsa, ɗan goggonsa Marka, mutumin da tun suna yara bai taɓa barin Nata'ala ya wuce lafiya ba.

"A'a, Farfesa! Me ya samu bakin? Ko tun yanzu an fara hirar rediyon?"

"Alamar sinadari ne," in ji Nata'ala, maganar na fita da ƙyar. "Abu mai gina jiki daga baki yake farawa."

"To Allah Ya sa ya tsaya a bakin. Ka je wurin tsohuwa mana. Mu da miyarta muka girma."

Nata'ala ya san da haka. Goggo Marka, yayar mahaifinsa, tun zamanin da danginsu ke yawo da shanu ta san laimar da ake ci, kuma duk damina sai ta yi miyarta sau biyu ko uku. Sai dai mutumin da ya yi alkawari a gaban ƙungiya ba ya zuwa tambaya. Don haka da leɓen ya sace, sai ya je ba ta shawara.

Ya same ta tana tsintar wake a faifai. Aka gaisa, aka tambayi ruwa, aka tambayi awaki ɗaya bayan ɗaya.

"Goggo, na zo ne in duba wurin da kike tsinto laimar nan, in tabbatar miki ko mai kyau ce. Yanzu akwai bincike."

"Shekara sittin ina ci, ɗan nan. Kai ka ci sau ɗaya, an ce sai da aka ɗaura maka ƙunzugu."

"Sharrin Tasi'u ne. A ina ne wurin?"

"A daji."

"Wane dajin?"

"Na Allah."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Ta ce wurin laima ba a faɗa. Ita ma uwarta sai da ta ga ƙafa ta fara gazawa sannan ta kai ta, kuma ko Tasi'u da ta haifa bai sani ba.

Nata'ala ya fita yana murmushi. A ransa ya ce abin da baki ya ƙi faɗa ƙafa za ta nuna.

Bayan kwana uku aka sake ruwa da tsawa. Gari na wayewa ya laɓe a bayan dangar Goggo. Can sai ga ta da sanda da ƙwarya a lulluɓe. Ya bi ta nesa-nesa. Ta miƙe har Unguwar Tudu, ta shiga wani gida barkar haihuwa, ya tsaya a bayan rumbu awa guda sauro na cinsa. Ta fito ta shiga wani gidan duba mai ciwon ƙafa. Ta fito ta tsaya cinikin daddawa, ta fasa saya. Duk sanda ta waiwayo sai ya faɗa gonar da ke kusa. A ta uku ya faɗa gonar masara, ya tarar da mai gonar a tsugune yana jiran ɓarawon da ya addabe shi tun farkon wata.

"Yau dai Allah Ya kama ka!"

"Bawan Allah, bincike nake!"

"Da buhu?"

Gudun da Nata'ala ya yi da takalmin roba, har yau mutanen Unguwar Tudu na ba da labarinsa. Ya tsallake kunyar gona fiye da ɗari, ya bar takalmi ɗaya a cikin taɓo, ya zo ya faɗa wani kwari da ruwa ya cika. Da ya rarrafo ya fito ta ɗaya gefen, sai ga Goggo Marka zaune a gindin wata tsamiya, can wajen iyakar Kabo, tana kallonsa.

"Sannu da zuwa. Tun daga bayan dangata nake jin ƙarar takalminka, fatar-fatar. Na ce bari in zaga da kai ka gaisa da dangi."

Ko tausayi ne ya kama ta, ko gajiya, sai ta nuna masa da sanda. A gefen tsamiyar akwai wani tsohon suri, jikinsa kuma ga laimar kwaɗi sun fi ashirin, masu tsini a ka, ko'ina fes. Ta sa hannu ta murɗa ɗaya a hankali ta zaro, sai ga doguwar jela ta biyo ta daga cikin ƙasa.

"Ka ga wannan jelar? Har cikin gidan gara take. Ta juji ba ta da ita. Ko mai jelar ma ba ka ci sai wanda ya sani ya duba maka. Ka zo washegarin tsawa, ka ɗiba, ka bar saura. Ba mu muke shukawa ba. Gara ce ke nomanta a ƙasa, mu tsinta kawai muke."

Duk bayanin nan, jimla ɗaya ce ta shiga kunnen Nata'ala. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a takalmi, ruwa na ɗiga daga gemunsa, idonsa na ƙyalli.

"Goggo, kika ce gara ce ke nomawa?"

"Ita ce."

"Shekara sittin kina tafiyar ƙafa zuwa wurin ma'aikata, ba ki taɓa tunanin kawo ma'aikatan gida ba?"

Goggo ta dube shi. "Ubanka ma haka yake," ta ce. "Amma shi Allah Ya taimake shi da kasala."

Washegari ya ari amalanken Tasi'u da shanunsa biyu. Tasi'u ya ce ba zai karɓi ko sisi ba, in dai za a bar shi ya zo kallo. Suka sami wani suri a wata saura wajen ƙauyen Jama'a, Nata'ala ya tuɓe riga ya kama sara da diga. Sara na biyar zago suka fito, manyan nan masu jan kai, suka hau ƙafafunsa suka shige wando. Ya yar da diga ya kama tsalle yana marin cinyoyinsa.

"Farfesa, ma'aikata sun fito tarbar manaja!"

"Zo ka taimake ni, mugu!"

"Ni na zo kallo ne. Haka muka yi da kai."

Sai da la'asar ya kai ga ɗakin uwar garar. Ya ɗauko ta, fara, doguwa, tana motsi kamar ɗanyen kitse, ya sa ta a kwanon samirar da ya ɗauko daga jeren Zinnira ba da saninta ba. Aka loda ɓaraguzan suri amalanke guda, aka shigo gari da su ana kallo.

A ƙofar gidansa ya riga ya kafa rumfar taro, dirkoki shida na itace da rufin zana. A gefenta ya haƙa rami ya binne uwar garar, ya jera ɓaraguzan a kai, ya yayyafa ruwa. Ya kawo karan dawa da tsofaffin jaridu ya tula musu, wai kada baƙi su kwana da yunwa. Ya fito da kujerarsa ta katako mai hannu, wadda ya gada, ya ajiye a rumfar don shugaba, ya ce ba mai zama a kai sai ranar.

Kwana biyu da haka kajin unguwa suka gano an buɗe musu gidan abinci. Tun da sassafe za su yi layi, har da zabin liman. Nata'ala ya bar zuwa gona, ya zauna gadi da tsumagiya. Ya kori na gaba, na baya su shigo. Ya jefi wani zakara da takalminsa ɗaya da ya rage, takalmin ya wuce ya faɗa cikin kaskon mai ƙosai. Aka yi sulhu da ƙyar.

A mako na biyu Zinnira ta ɗauki muciyarta za ta tuƙa tuwo, muciyar ta rabu biyu a hannunta, ƙasa ta zubo daga ciki.

"Malam, baƙinka sun shigo cikin gida."

"Zagayen sanin wuri suke."

"Sun cinye tabarmar baƙi. Sun fara ƙofar ɗaki."

"Ke ba ki san harkar noma ba. Ma'aikaci sai ya ƙoshi yake aiki."

A mako na uku maƙwabta suka fara zuwa ɗaya-ɗaya. Wannan ya ce dangarsa ta kwanta. Wancan ya ce ƙotar fartanyarsa ta zama gari. Nata'ala ya ce duk wanda aka yi wa ɓarna ya yi haƙuri, zai ambaci sunansa a rediyo. Kullum da safe sai ya durƙusa gaban surin ya leƙa ta ko'ina. Aka yi tsawa sau huɗu. Ko tsinke bai fito ba. Har magana ya fara yi musu ƙasa-ƙasa.

"Haba jama'a. Me na rage ku da shi?"

Tasi'u, da ke wucewa da shanunsa, ya ce, "Ƙila albashi suke jira, Farfesa."

Ana jibi taro, Nata'ala ya ce wa Zinnira zai je Gwarzo gyaran waya. Bai dawo ba sai magariba, da wata baƙar leda a cikin babbar riga, ya wuce da ita kai tsaye wurin mai sayar da lemo ya roƙi a ajiye masa a cikin ƙanƙara.

Ranar taro rumfa ta cika. Manoma sun zo da abin da suke taƙama da shi: wani da zangarniyar dawa kamar hannun ƙato, wani da kabewar da sai mutum biyu suka ɗauko. Mata suka tsaya daga bakin zaure, Goggo Marka a cikinsu da ƙwaryarta a lulluɓe. Surin kuwa an rufe shi da zanen gado.

Alhaji Dalhatu ya iso, mutum mai jiki da nauyin magana. Nata'ala ya tare shi da rawar jiki ya kai shi ga kujerar gado. Alhaji ya tattara riga ya zauna. Kujerar ba ta yi ƙara ba, ba ta yi gardama ba, sai kawai ta nutse da shi a hankali har ƙasa, ƙura ta tashi. Ya zauna a cikin garin katako, hannayen kujerar biyu riƙe a hannunsa.

Aka yi salati, aka ɗaga shi, aka kakkaɓe. Wani ya kawo turmi aka kifa masa.

"Tsohuwar kujera ce," in ji Nata'ala da sauri. "Alhaji, ranka ya daɗe, jama'a, ku matso ku ga abin da ilimi ke yi."

Ya fizge zanen gadon. Jikin surin ya yi fari fat da laimar kwaɗi, gajeru, masu kai kamar ƙwai, a jere layi-layi kamar 'yan makaranta. Kowa ya zuba ido. Har Tasi'u ya buɗe baki. Nata'ala ya gyara hula ya fara jawabin da ya tanada wa rediyo, ya faro tun daga yarintarsa.

Alhaji Dalhatu ya miƙa hannu ya taɓa ɗaya.

"Malam Nata'ala, ya na ji ta da sanyi?"

"Irin tata ke nan. Mai sanyin hali ce."

Alhaji ya ja. Ta fito salin-alin, da tsinken tsintsiya soke a gindinta.

"Wannan fa?"

"Saiwa ce."

Daga bakin zaure Zinnira ta ce, "Wallahi tsintsiyata ce! Tun safe nake nemanta."

Goggo Marka ta dogara sanda ta matso, ta karɓa, ta juya gindin sama. "Ina jelar? Wannan ai da wuƙa aka yanke ta. Garar taka har wuƙa gare ta, ɗan nan?"

Tasi'u ya zagaya bayan surin ya dawo da 'yar farar roba, takardar kantin Kano na manne a jiki. "Ba wuƙa kaɗai ba, Inna. Har kanti suka buɗe."

Dariyar da ta tashi sai da ta kori kajin da ke jira a gefe. Nata'ala ya ɗaga hannu yana neman a saurara.

"Samfuri ne! Na kawo ne ku ga yadda za ta kasance in ta fito! Garar nan tana aiki dare da rana, na rantse, aikin da take yi a wurin nan ba wanda ya isa ya gani da ido!"

Don ya ƙarfafa maganar, ya daki dirkar da ke kusa da shi da tafin hannu.

Hannun ya shige ciki har wuyan hannu. Dirkar ta lanƙwashe, ta kusa da ita ta bi, sauran huɗun suka ga ba amfanin tsayawa. Rufin zana ya sauko gaba ɗaya a kan ƙungiyar manoman Kutama, da shugabanta, da kabewarta. Ba wanda ya ji ciwo, don babu sauran nauyi a itacen, amma gara ta zubo kamar ruwan sama, cikin wuya, cikin hula, cikin aljihu. Dattawa suka riƙa fitowa da rarrafe ta ko'ina suna tuɓe riguna. Kajin unguwa kuwa, da suka ga abin da suka yi mako huɗu suna jira, suka afka cikin taron ba sallama.

Daga ƙarƙashin zana aka ji muryar Alhaji Dalhatu. "Yanzu kam mun gani da ido."

A gindin darbejiya aka ƙarasa zaman. Goggo Marka ta buɗe ƙwaryarta don ta ba Alhaji abin da ta tsinto da safe ya kai wa iyali, a matsayin ban haƙuri kan abin da ɗan ƙaninta ya yi. Alhaji ya ɗaga ɗaya mai doguwar jela, ya juya ta, ya dubi jama'a. Ba a ma kaɗa ƙuri'a ba.

"Ni Kano?" in ji Goggo. "In ce musu me a rediyon?"

"Ki faɗa musu yadda ake ganewa."

"Wannan zan faɗa. Amma ko gwamna ne ya tambaye ni wurin, a daji yake."

Masu baje kolin sun ce sai an aiko da sunan wakili a rubuce, da hatimin ƙungiya, ta gidan waya. Aka rubuta a take. Alhaji ya liƙe ambulan ya miƙa wa Nata'ala.

"Kai za ka kai Gwarzo. Cikinmu kai kaɗai ne ba ka da aikin gona bana."

Wasiƙar ta kwana huɗu a aljihunsa. Ranar farko ya ce hadari ya haɗo. Ta biyu ya ce tayar kekensa ta sace. Ta uku ya ɗaga ambulan a rana yana duba ko Marka da Nata'ala za su iya rikicewa a idon mai karatu. Rana ta huɗu Zinnira ta tsaya a kansa, da sabuwar muciya a hannu.

"Malam, ka fitar da takardar nan daga gidan nan tun baƙinka ba su ji ƙanshinta ba. In suka cinye ta, Alhaji da kansa zai zo, kuma ba mu da kujera."

Ya hau keke ya tafi Gwarzo. Ma'aikacin gidan wayar, wani dattijo mai tabarau, ya karɓi ambulan ya duba hatimin baya.

"Kutama? Ashe daga garin da rumfa ta rufta wa manoma kake. An ce wani ne ya ɗauko gara a amalanke ya kai ƙofar gidansa, har yana ba ta jarida. Ka san shi?"

Nata'ala ya karɓi kan sarki ya lasa, ya manna, ya danna da babban yatsa.

"Na san shi," ya ce. "Ba irin shawarar da ban ba shi ba. Ba ya ji."

Ya saka wasiƙar a akwatin, ya tsaya har sai da ya ji faɗuwarta.